Kuɗin Hanyar Direba Mati

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Lome lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ido ba ya gani. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ƙafarka ta zama ta alheri a garin. Amin.

Na san sai ka yi tsaki in ka zaro wannan takarda daga ƙarƙashin rigunanka ka ga Hausa ce, kai da ko gaisuwar safe sai ka yi mata gaurayen Faransanci. Da gangan na yi. Da na rubuta da Faransanci, a tsaye za ka karanta kamar takardar banki, ka ninke ka manta. Da Hausa kuwa dole ka nemi kujera ka bi ta da yatsa. Sunanka ma ba zan rubuta ba, ka san sunan mahaifina ka ci, bakina bai iya faɗarsa ba balle alƙalamina.

Labarin gida babu abin da ba ka sani ba. Abin da ya sa ni rubutu shi ne maganar da ka yi ranar da ka nuna wa ma'aikata sabon Ma'aji, tsarin lissafin nan namu na kwamfuta, wanda za ka je ka buɗe masa ofis a can. Ka tsaya gaban allo, ƙirji a gaba, ka ce: "Wannan karon, Maman, ba reçu, wato rasit, ba kuɗi. Ko patron, mai gida da kansa, ba zai iya buɗe ƙofar ba." Kowa ya tafa, ni ma na tafa. Muryata ce na ji ta fito daga bakinka, irin wadda nake da ita shekara goma sha huɗu da suka wuce. Akwai abin da na ɓoye maka tun kana firamare, yau zan faɗa.

Ka san mafarin kamfanin nan sama-sama. Ɗaki ɗaya ne a unguwar Arras, nan Treichville, a saman shagon masu walda, in suka kunna injinsu allon kwamfuta ya yi ta rawa. Babanka Issufu, Allah Ya jiƙansa, shi ya iya rubuta wa kwamfuta umarni. Ni kuma na yi aikin lissafi a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa, na ga yadda kuɗin hidima ke zurarewa. Direba zai dawo daga tafiyar sati uku ya ajiye maka leda cike da takardu, rabi sun sha man inji, rabi ba a ma san waye ya rubuta su ba. Sai muka yi Ma'aji. A shigar masa da kuɗin mai, abincin hanya, ladan 'yan dako, kuɗin ajiya, facin taya. Kowace Juma'a da tsakar rana ya buga takardar mako, duk layin da ba shi da rasit ya ɗora masa tauraro a gefe.

Bayan an karya darajar sefa kowa ya so ya san inda dalarsa take shiga. Daga kamfanonin fito uku muka kai goma, daga nan 'yan kasuwar Adjamé suka ji labari. Ina tsallaka gada kullum, faifan disket a jakar hannu, ana ce mini Hajiya mai mashin, wato kwamfuta, tun ban je Makka ba. Mun kama ɓarayi na gaske, ba zan yi ƙarya ba. Mun kama wanda motarsa take shan mai alhali tana kwance a gareji ba taya. Kaina ya kumbura har na yarda cewa duk dalar da ba ta da takarda, ɓarawo ne a bayanta.

A lokacin ne aka kira ni wurin Alhaji Bawa a Adjamé, mai manyan motocin da ke kai shinkafa da gishiri Nijar su dawo da albasa. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, tsohon mai riƙe masa kuɗi kuma ya koma gida. Ɗansa Laminu ya dawo daga karatu ya karɓi ragama, yana son ya share gida. Aka jibge mini litattafan shekara da shekaru, rabi da ajami rabi da Faransanci, na zauna ina shigarwa. Da na gama, Ma'aji ya jera taurari a kan layi ɗaya tak da ke dawowa kowace Juma'a, shekara tara ba fashi: "Mati, kuɗin hanya, rabon gida, jika goma, Maradi." Jika goma, wato sefa dubu goma. Babu lambar mota, babu rasit ɗin mai, sai dangwalen babban yatsa a gefe.

Na sauka gareji na tambayi direbobi waye Mati. Suka kalli juna. Wani ya ce, "Mati yana hanya, Hajiya." Na ce yaushe zai dawo? Ya ce, "Allah ne masani." Har mai wanke gilashin mota ya tsaya da tsumma a hannu. Na koma sama na duba, shekara tara babu motar da ta fita da sunan Mati. Na ce a raina, yawwa, na kama su gaba ɗaya, shi ya sa suke kallon juna.

Kuskurena na farko ke nan. Mutane sun ba ni amsar da ta kamata ta sa ni in zauna in ƙara tambaya, ni kuwa na ɗauke ta hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka ba ka littafin wani ka shigar a mashin, Babana, kada ka taɓa maɓalli sai ka sha shayi da mutanen da suka rayu da littafin. Layin da ya shekara tara yana dawowa a gaban idon mutum irin Alhaji Bawa, wanda ya san kuɗin kowace taya a ka, ba ɓoyayyen layi ba ne. Da na yi wannan tunanin na minti ɗaya, da ba ka karanta wannan wasiƙa ba.

Na biyun ya fi muni, don burga ce ta kawo shi. Maimakon in ja Laminu gefe, sai na jira ranar da kawunnansa biyu suka zo, bayan la'asar, a falon Alhaji da ke saman shaguna, hayaniyar kasuwa na shigowa ta taga. Alhaji yana cikin kujerarsa an tokare shi da matashi. Na warware takardar a kan darduma, ta kai tsawon zani, na ce, "Alhaji, shekara tara ana biyan mutumin da ba ya tuƙa mota ko ɗaya."

Ya ɗaga hannunsa mai rai, bakinsa yana motsi, abin da ke fita kawai "Ma... Ma..." Hawaye ya gangaro ta ɓangaren fuskar da ya mutu. Laminu ya ce, "Kun gani? Baba ma ransa ya ɓaci. Madame, goge shi." Na matso zan naɗe takardar, sai Alhaji ya cafke bakin mayafina. Wallahi ban taɓa jin riƙo irin wannan ba daga mutumin da ko cokali ba ya iya ɗauka. Sai da Laminu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na fassara kukan nan da cewa takaicin ɓarawo ne, na je na goge layin ina jin kaina gwana.

Magana zarar bunu ce. Abin da ka gano a littafin mutum, kai shi kunnen mutum ɗaya tukuna, a ɗaki, ƙofa a rufe. In sata ce ba za ta gudu ba kafin gobe. In kuwa ba sata ba ce, ka bar wa mai gida hanyar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. Ni na toshe wannan hanyar da bakina, a gaban kawunnai.

Juma'ar da ta biyo ina ofishin garejin, ina koya wa sabon mai riƙe kuɗi aiki. An sauko daga masallaci, rana tana tsakar ka, direbobi sun kwanta a inuwar motoci. Sai ga wata dattijuwa siririya, zaninta wankakke fes, ta zo tagar biya. Ta yi sallama, ta miƙo babban yatsanta tana jiran tawada, kamar yadda ta saba.

Mai riƙe kuɗi ya ce, "Sunan wa, Maman?"

Ta ce, "Mati. Direban Maradi."

Ya danna ya danna, ya ce, "Babu shi a mashin."

"Duba dai da kyau, ɗana."

Ya waiwayo ya kalle ni. Nan ne wurin da ya kamata in tashi in ce ni na cire shi, zo mu yi magana. Amma tsoro ya riga ya kama ni, don ba ta yi kama da ɓarauniya ba. Sai na ce, "Inna, ba mu ba ne, mashin ne ya ƙi."

Ta leƙo ta tagar ta daɗe tana kallon allon, ita da ba ta iya karatun boko ba. Can ta ce, a hankali, "To, ya sauka ke nan." Ta goge yatsan a zaninta duk da ba tawada a jiki, ta juya. Direbobin nan da ke kwance duk suka miƙe tsaye, ba wanda ya kira wani. Na ji wani ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Suka tsaya haka har ta fita ƙofar gareji.

Babban cikinsu, Direba Haruna, shi ya ba ni labari, yana magana yana kallon ƙasa don kada ya kalle ni. A al'adar direbobin doguwar tafiya, mutum yakan bar wani abu daga kuɗin hanyarsa a ofis, matarsa ta zo ta karɓa duk Juma'a muddin yana hanya. Shi ne rabon gida. Ranar da ya sauka, wato ya gama tafiya, a daina. Mati ya fita da shinkafa zuwa Maradi, aka tsinci motarsa a gefen titi gaba da garin Ferké, kaya cif ba a taɓa ba, ƙofa a buɗe, takalmansa a jere a kan matakala kamar wanda ya sauka alwala. An nema har an gaji, ba shi ba gawarsa. Da shekara huɗu ta cika malamai suka ce wa matarsa Zali tana iya yin takaba ta huta. Ta ce mijinta yana hanya. Aka kai mata zakka, ta mayar, ta ce ita matar direba ce, ba ta bara. Shi ne Alhaji Bawa ya bar Mati a hanya a cikin littafi. Duk garejin sun sani, duk sun riƙe, shekara tara ba wanda ya yi suɓutar baki. Ni na zo da disket na sauke shi a yini ɗaya.

Kada ka taɓa cewa mutum "mashin ne ya ƙi." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace arha a sana'armu, kuma na ji ma'aikatanka suna yin ta a waya. Mashin ba ya ƙi, ba ya so. Wani ne ya zauna ya faɗa masa abin da zai ƙi. In kai ne, fito ka ce ni ne, ka tsaya a zage ka. Zali ta yarda da maganar mashin fiye da ta malamai saboda ta ɗauka abin Turawa ne mai ganin nesa, ni kuma na bar ta da wannan zaton don in tsira da fuskata.

Na koma wurin Laminu. Ba mugu ba ne, ya ce, "Madame, ke kika ce sata ce a gaban kawunnaina. In na mayar yanzu, su ce me? In sadaka ce ta zo ta karɓa, ko ninki biyu." Na san ba za ta zo ba. Na san kuma inda take, a unguwar Biafra, nan Treichville, tafiyar da ba ta kai minti ashirin da ƙafa daga ofishinmu ba. Amma sai da na yi sati uku ina cewa gobe. Ranar nan ga sabon kwastoma, ranar can ga ciwon kai. Tsoro ne kawai nake sa wa kaya iri-iri.

Da na je, na same ta a ƙofar ɗakinta a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, mata na wanki, rediyo na yi, amma kusurwarta shiru. Ta shiga takaba, bayan shekara tara. Ta gane ni nan take.

"Ke ce mai mashin. Zauna, 'yata." Ta turo mini kujera 'yar tsugunno. "Dama ina son ganinki. Mashin ɗin ya faɗi inda ya rasu? Ko a yi masa addu'a ta wajen."

Na ce, "Inna, mashin bai san komai ba. Ni ce na goge sunan, kuskure na yi. Ga kuɗin sati uku, kuma za a ci gaba."

Ta kalli kuɗin ba ta taɓa ba. Ta ce, "Kuɗin hanya ne wannan. Wanda ya sauka ba ya cin kuɗin hanya." Ta yi murmushi ta ƙara da cewa, "Kada ki damu. Dama na gaji da jira, ban dai sami wanda zai ce mini in daina ba."

Na mayar da kuɗin jaka na fito. Da na je a yinin farko, kafin ta ɗaura zanin takaba, wataƙila da ta yarda kuskuren ofis ne. Idan ka yi wa mutum laifi, Babana, ka je a ranar, ko da ba ka shirya abin faɗa ba. Neman gafara ba ya son a ajiye shi, lalacewa yake yi kamar dafaffen abinci.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta da natsuwa, kada ka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Juma'ar da ta biyo bayan zuwana Biafra, Laminu ya bugo waya yana faɗa, wai layin Mati ya dawo a takardar mako. Babanka ya je ya goge. Wata Juma'ar ya dawo. Da safe in ka duba allo babu shi, sai tsakar rana in takarda ta fito ka gan shi a ƙasa. Babanka ya share mashin ɗin kaf ya zuba sabon Ma'aji daga sabon disket. Ya dawo. Laminu ya sayi sabuwar kwamfuta, ya sa aka kulle ofis da kwaɗo tun daren Alhamis. Ya dawo. Babanka ya bi rubutunsa layi-layi har idonsa ya yi ja, bai ga komai ba.

Zali ta rasu saura kwana goma ta fita takaba. Ba ta yi ciwon kirki ba, 'yarta Mariya ta ce abinci ne kawai ta riƙa ragewa. Juma'ar makon, takardar Laminu ta fito tsaf, ba Mati, kuma bai sake fitowa a can ba.

A wannan Juma'ar ni kaɗai ce a ofishinmu na Arras. Maza sun tafi masallaci, masu walda sun kashe inji, unguwar ta yi tsit har ina jin fanka tana juyi. Na'urar buga takarda ta fara ƙararta, tana fitar da hidimar kamfaninmu ta mako: kuɗin wuta, takarda, kuɗin tasin woro-woro, shayi. Ta tsaya. Har na miƙa hannu zan yage, sai ta sake motsi ta ƙara layi ɗaya. "Mati, kuɗin hanya, rabon gida, jika goma, Maradi." Ba mu da mota, ba mu da direba, littafin Alhaji Bawa bai taɓa shiga wannan mashin ba. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne babu tauraro a gefensa. Ma'aji ya karɓe shi a matsayin kuɗin da ya halatta.

Na ɗauki jika goma daga jakata na taka zuwa Biafra, inda Mariya ke suyar aloko, wato ayaba, a bakin layi. Na ce, "Ragowar kuɗin babanki ne da ya maƙale a ofis." Ta kalle ni, ta kalli kuɗin, ta goge hannu ta karɓa. Ta san ƙarya nake yi, na san ta sani. Shekara goma sha huɗu ke nan muna haka, ba mu taɓa ƙara kalma a kai ba. Shi ya sa ba na bari kowa ya ɗauki takardar Juma'a sai ni, ku kuna ce mini tsohuwa mai maƙon sirri. Ko a tashin hankalin da aka yi a garin nan bana, da muka rufe ofis makonni ba wuta, na lallaɓa na kai mata. Ranar da muka buɗe aka kunna mashin, layukan Juma'o'in da suka wuce suka fito a jere, ba wanda ya ɓace.

Duk shekarun nan ina kwantar da hankalina da cewa babanka ne. Na ce ai shi ya rubuta Ma'aji, ya ga halin da nake ciki, ya dasa layin don ya ba ni hanyar biyan haƙƙi ba tare da ya ce mini na yi laifi ba. Halinsa ne. Ban tambaye shi ba sai a asibiti, da hantsi, kwana biyu kafin ya cika. Na ce, "Malam, yanzu dai faɗa mini, kai kake sa layin Mati ko?"

Ya juyo da kai a kan matashi ya ce, "Ni? Na zaci ke ce. Shekara takwas ina rufa miki asiri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Shekara takwas muna cin tuwo a kwano ɗaya, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye a kan abin da ba wanda ya yi. In Allah Ya ba ka mata, ka riƙa tambaya, ko da kana ganin ka san amsar. Kawaici yana da kyau, amma mu namu ya yi yawa, ya bar ni ni kaɗai da wannan abu bayan babanka ya tafi.

Ban ce maka fatalwa ba ce, a'uzu billahi. Na tambayi wani malami a Treichville ba tare da na kama suna ba, ya ce matacce ba ya danna mashin, amma haƙƙi ba ya mutuwa, kuma Allah Yana tunatar da bawanSa ta inda Ya ga dama. A nan na tsaya, kai ma ka tsaya a nan.

Da ka gina sabon Ma'aji daga tushe, ba ko harafi ɗaya na babanka a ciki, na yi zaton abin ya ƙare. Na ji sauƙi, na kuma ji wata irin kewa, ban san me ya sa ba. Watan jiya muka mayar da lissafin kamfaninmu cikinsa. Juma'ar farko layin ya fito, ba rasit, ba tauraro, ya wuce ta ƙofar nan da ka ce ko patron ba ya buɗewa. Na ninke takardar na sa a jaka kana tsaye a gabana kana yi wa wani bayanin ƙarfin ƙofar.

Don haka ina roƙonka, ba umarni ba ne, tunda kamfanin yanzu a hannunka yake. Ka bar wa mai gida wata 'yar ƙofa a cikin Ma'aji, inda zai rubuta abin da ba shi da takarda, wanda ba mai gani sai shi. Za ka ce ɓarayi za su bi ta nan. Wasu za su bi, na sani, na fi ka sanin ɓarayi. Amma mutanenmu da suka koma tashar jirgin ruwan Lome da motocinsu tun rikicin farko na ƙasar nan sun tafi da irin litattafan Alhaji Bawa. A cikinsu akwai kuɗin makarantar maraya da aka rubuta da sunan facin taya, akwai maganin tsohon ɗan dako da aka kira kuɗin igiya. Rufin asirin mutane ne, kuma ba ya zuwa da rasit. In mashinka ya toshe su duka a rana ɗaya, a garuruwa da yawa, ba za ka ma ga fuskar wadda ta miƙo yatsa ba. Ni aƙalla na gani.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni sakewa tun makon jiya. Juma'ar da ta wuce, wadda aka yanko maka tikiti, na ɗauki takarda kamar kullum. Layin yana nan, suna ɗaya, jika goma. Amma a wurin da ake rubuta inda mota ta nufa, inda shekara goma sha huɗu nake ganin Maradi, an rubuta Lome.

Sau ɗaya layin nan ya taɓa canjawa, makon da Zali ta rasu. Na juya abin ta kowace fuska, fassara biyu kawai na samu. Ko dai ni ce na kusa sauka, haƙƙin yana neman wanda zai gaje shi, ya bi ka can. Ko kuma kai ne yanzu a hanya, ni ce zan zama mai tsayuwa a taga. Na yi alwala na yi raka'a biyu, na roƙi Allah in ɗayanmu ne zai sauka, Ya sa ni ce.

In layin ya fito a takardarka a Lome, kada ka goge, kada ka kira masu gyara. Ka aiko wa Mariya jika goma, ka ce ragowar kuɗin babanta ne, ba za ta tambaye ka komai ba. Kuma kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ka buga mini waya, ko ba ka da abin faɗa, ko da Faransancinka ne. Kada ka turo saƙo a rubuce, muryarka nake so. Zan kasance a ofis kusa da wayar, ba zan ɗauki takardar mako ba sai na ji ka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda za ka rufa wa bayinSa. Allah Ya jiƙan babanka da Alhaji Bawa da Zali, Ya jiƙan Mati in ya rasu, in kuma yana hanya Allah Ya sauke shi lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
daga Arras, Treichville